Maganar Aikin Nan

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, Yaya da maigidanta da yara duk suna ƙalau. Mu nan mun gode Allah. Takwararki ta yi mura, ta warke, ta koma makaranta da surutunta. Surukarki tana gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana in kira. Ke ma kin san yadda wayarmu take ƙarewa: ni ina kokawa da kalma ɗaya, ke kina cewa "Iye? Ɗaga murya!" har a rabu ba a gaisa ba. Mai in'ina da mai ciwon kunne, takarda ce ta dace da mu. Na ba direban motar da ke zuwa wajenku.

Labari biyu ne, ɗaya ba daɗi. Ofishinmu na ƙasa, wanda kika taɓa leƙawa kika ce ya fi kama da sito saboda ba taga, za a rufe shi. Kamfani ya sayo manhajar da za ta riƙa haɗa rahoton da muke haɗawa da hannu. An tara mu, an yi mana godiya, an ce zuwa ƙarshen wata mai zuwa kowa ya san inda ya nufa. Har an fara kwashe teburan waɗanda suka riga suka tafi. Yanzu in mutum ya yi tari a ɗakin sai ya ji bango ya amsa.

Na biyun: wani kamfani mai rarraba kayan masarufi ga shaguna ya kira ni intabiyu. Suna neman mai nazarin harkokin kasuwanci. Bari in fassara miki. Shi ne wanda ake turawa in abu ya cije a kamfani, kaya suna makara, masu shaguna suna ƙorafi, kowane sashe yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Sai ya zauna da masu sito da direbobi da masu karɓar oda, ya yi ta tambaya har ya gano inda abin ya karye, ya rubuta abin da ake bukata, sannan ya tsaya gaban manya ya ce ga mafita.

Lissafin ba ya ba ni tsoro, Gwaggo, shekarata nawa ina cikinsa. Amma kin ji da kanki, rabin aikin baki ne. Sun aiko mini da wata matsala ta gwaji in yi nazari, ranar intabiyu in tsaya gaban kwamiti in yi bayani.

Kullum da yamma surukarki takan jawo tebur tsakiyar falo, ta ɗora gilashina a karan hanci, ta zama shugabar kwamiti. "Malam, me ya sa za mu ɗauke ka?" Shekaranjiya na maƙale a kan "bayanai", ina ta ba-ba-ba, sai takwararki ta leƙo ta ce, "Ai kai ne Baba, wa kake kira?" Muka yi dariya. Tawa dai ba ta kai ciki ba.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Baba. Ke kika sa ni karanta jarida da ƙarfi kina guga, ba ki taɓa ƙarasa mini kalma ba. Babu wanda ya san bakin nan nawa kamar ke. Ki gaya mini gaskiya: in je, ko in nemi wani ɗaki marar taga in lafe?

Ɗanki

*

Ɗan Gwaggo,

Wa alaika salam. Takardarka ta zo, direban ya ba mai shagon ƙasan bene, shi kuma ya riƙe ta kwana biyu a aljihu, ta iso da maiƙo a gefe. Ina gaishe ka, ina gaishe da 'yata matarka, a shafa mini kan takwarata. Muna nan. Benen nan ne dai ya zama mini abokin gaba, in na hau sai na tsaya a tsakiya na huta, kamar mai ɗauke da buhu.

Na yi baƙin cikin jin labarin ofishinku. Na san irinsa. Ranar da aka kawo kwamfuta kotu, aka tattara injinan buga takardunmu aka jibge a bayan matakala, na wuce na ga nawa a ƙasan tulin, na gane shi da tsagar da ke jikin murfinsa. Ban ci abinci ba ranar. Kada ka bari 'yata ta ga ka karaya, ita ma ƙarfin hali take yi maka.

Bayaninka na karanta sau biyu. Wato dai aikin mai sasanta rigima ne, sai dai an sa masa kwat. Ina da tambaya: kullum ne ake tsayawa gaban mutane, ko jefi-jefi? Kuma su waye a kwamitin, dattawa ne ko yaran nan masu duba waya mutum yana magana? Labarin takwarata ya sa na yi dariya har sai da na yi tari, Yayarka ta rugo da ruwa.

Na ajiye biro a nan jiya, jiri ya ɗebe ni, na kwanta. Yau na ɗauka.

Maganar aikin nan kuwa, tunda na san Yayarka ta kira ka kun yi magana, ba sai na ja ta ba. Ita ta dage a yi, a yi. Ni raina bai kwanta da shi ba, kuma amsata a'a ce. Mutum ya san iyakar abin da zai iya ɗauka. Abin da Allah ya riga ya ɗora wa bawa, a lallaɓa a zauna da shi, ba sai an je an miƙa kai ga baƙi sun yi yadda suka ga dama ba. Kada ka ce za ka lallashe ni, na gama magana.

Saura sai na sami ƙarfin hannu.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina fatan jirin ya tafi. Mu lafiya.

Na karanta. Na sake karantawa a tsaye a bakin titi, don ban iya jira na kai gida ba. Yaya ba ta kira ni ba, amma na gane kun zauna kun yi shawara a kaina, ita ta ce in je, ke kin ce a'a. Ni na nemi gaskiya, ba zan ce don me kika faɗa ba. Sai dai ban taɓa zaton daga bakinki zan ji ba.

Kin tuna malamin nan na aji huɗu da yake kwaikwayona yara suna dariya? Da takalmin ofis kika je, kika tsaya a ƙofar aji, kina kallonsa, har alli ya faɗi daga hannunsa. A hanya kika ce mini, "Maganarka tana zuwa, tafiyar ƙasa ce take yi, a jira ta." Da wannan na gama makaranta. Da wannan na je neman aure. Yanzu kuma a lallaɓa a zauna da shi.

Wataƙila ke ce da gaskiya. Ranar Asabar wani tsohon abokin aikina, wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti, ya ce in zo gidansa ya gwada ni. Na tafi da shirina tsaf. Matsalar da suka ba ni ita ce: tunda kamfani ya buɗe sabon sito, ƙorafin makarar kaya ya ƙaru maimakon ya ragu. Na bi takardun na ga oda tana shiga da wuri, amma tana kwana kafin sito ya gan ta. Na tsara tambayoyin da zan yi wa kowane sashe, na zana hanyar da oda take bi tun daga shago har mota. A takarda, Gwaggo, abin sha'awa.

Da ya ce "Fara," sai haƙorana suka kulle. Na tsaya a kan "sito". Ina jin gumi yana bin bayana, matarsa tana wucewa da tire tana kawar da kai. Shi kuwa mutumin kirki ne, sai ya yi ta ƙarasa mini, duk kalmar da na fara ya cafke ta. A ƙarshe ya ce, "Aikinka ya fi na waɗanda na ɗauka. Amma gaskiya, wannan kujera ta masu baki ce. Ko za ka nemi ta bayan fage?"

Na taho a ƙasa, ban hau mota ba. Na ce ba komai, shi bai san ni ba, Gwaggo ta san ni. Washegari takardarki ta zo.

Surukarki ta ce ba ke kika rubuta wannan ba, ko kuma ba haka kike nufi ba. Na ce mata rubutunki ne, na san yadda kike lanƙwasa "k". Mun yi sa-in-sa, irin wadda ba mu saba yi ba. Teburin falo yana jikin bango tun ranar.

Ba zan lallashe ki ba, tunda kin hana.

Ɗanki

*

Gwaggo,

Gaisuwa. Na je tasha sau biyu, direba ya ce babu komai daga wajenku. In fushi kike yi da abin da na rubuta, ki yi haƙuri, ban yi don rashin kunya ba.

Ina sanar da ke na bi maganarki. Na aika wa kamfanin imel na ce na janye, na gode musu. Layi biyu ne, ban sha wahalar rubuta su ba. Surukarki ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai dai ta ajiye abinci ta wuce.

A ofis saura mu kaɗan. An cire agogon bango ma. Na fara tambayar masu neman mai shigar da bayanai, an ce in kai takarduna wani wuri bayan kasuwa.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto in san kina lafiya.

Ɗanki

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka. Yayarka ce. Da hannu nake rubutawa a kan cinyata a barandar asibiti, zan ɗauki hotonta in turo maka ta waya, don in na kira ka kuka zan yi, kai kuma ka kasa magana, mu taru mu ɓata lokaci.

Mama, Gwaggonka, tana kwance a nan. Ta faɗi a matakala, Allah ya sa mai shago yana kusa. Ba ta karye ba. Zuciyarta ce. Tun watan jiya likita ya ce akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciyar da ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, sai an yi mata aiki. Aikin tiyata, ƙanena. Shi ne "maganar aikin nan". Shi na dage a yi, shi ta ce a'a. Ta ce in kira ka in gaya maka, na ce to, ban kira ba, na ce bari ka gama da intabiyunka tukuna kada in raba maka hankali. Ita tana zaton ka sani.

Takardunka biyu suna wajen mai shago, sai yau na karɓo su na kawo mata. Na zauna ina kallonta tana karantawa. Da ta kai tsakiyar ta farko sai ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Da ta gama ta biyu sai ta buga gadon da hannu har nas ta leƙo. Ka san ba ta jin ƙarar muryarta, duk ɗakin sun ji: "Wannan yaro! Ni zan ce masa ya zauna? Ni?" Sai numfashi ya sarƙe mata, aka sa mata abin hanci. Ban taɓa ganin Mama tana hawaye a gaban mutane ba sai yau.

Ni ma ina da abin faɗa. Ka girma a hannun matar nan, ka karanta cewa jiri yana ɗibarta, ba ta iya hawa bene, amma duk takardar ba ka ga kowa a ciki ba sai kanka. Laifina na ɗauka. Kai ma ɗauki naka.

Ta ce in gaya maka ka je ka karɓo abin da ka mayar, ko da rarrafe. Maganar tata kuwa tana nan kan a'a. Likita ya ce ba a jan lokaci da irin wannan. Na roƙa, na yi faɗa, maigidana ya yi, sai ta juya fuska bango. Ban san yadda zan yi ba. Na ƙare hutuna na ofis, yara suna wajen maƙwabciya.

Yayarka

*

Gwaggo,

Sannu. Sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Yaya za ta nuna miki wannan a wayarta, na yi rubutun manya-manya.

Ki yafe mini. Yaya ta faɗi gaskiya, tsorona ya cika mini ido har ban gan ki ba. Surukarki ba ta ce "na gaya maka" ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai zauna ta yi kuka, sannan ta miƙo mini waya.

Na kira su, Gwaggo. Imel ba zai yi ba, don sun riga sun amsa sun yi mini fatan alheri. Na fita bayan ofis wajen da ake ajiye janareta, inda ba mai jina. Wata mata ta ɗauka, mai kula da ɗaukar ma'aikata. Na buɗe baki in faɗi sunana, ya ƙi fita. Ta ce "Halo? Halo?" ta kashe. Na sake kira. Wannan karon na fara da cewa, "Ina da in'ina, don Allah kada ki kashe." Ta jira. Na gaya mata na janye bisa kuskure, ina roƙon a mayar da ni. Ta ce an riga an ba wani lokacina, amma za ta tambaya. Da yamma ta kira ta ce ranar Alhamis, ni ne na ƙarshe, kuma kwamiti sun san na janye na dawo, za su iya tambayata dalili.

Niyyata in taho gobe in gan ki, in koma ranar Laraba. In kuma jikin ya ƙi, intabiyun ya bi ruwa.

Yanzu taki maganar. Kin ce kada in lallashe ki, ba zan yi ba. Makonnin nan da nake shiri, abu ɗaya littattafan suke ta nanatawa: in mutum ya ce ba ya son abu, kada ka yi gardama da shi, ka tambaye shi wane ɓangare ne ba ya so. To ina tambaya. Me likitan ya ce miki, ke da kanki? Me kika gane za a yi? Kuma a cikin abin, mene ne ainihin wanda ranki ya ƙi: barcin da za a sa ki, ko wuƙar, ko abin da zai biyo baya? Duk abin da kika ce, ba zan kai wa Yaya ƙara ba.

Ɗanki

*

Ɗan Gwaggo,

Na gani. Jiki da sauƙi, sun cire abin hancin. Na yafe, amma kunnenka yana nan ajiye, zan ja shi.

Kada ka zo. In na ga ƙeyarka a ƙofar ɗakin nan kafin Alhamis, ni da kai ne. Kuɗin mota ba shi ne damuwata ba, gajiya ce, bakinka ya fi kullewa in ka gaji, na sani tun kana yaro.

Ka tambayi me likita ya ce mini. Na daɗe ina kallon tambayar. Bai ce mini komai ba. Yakan shigo da ƙyallen nan a baki da hanci, ni kuwa da kallon leɓe nake ji. Sai ya tsaya a ƙafar gado ya yi ta magana da Yayarka, yana nuna ƙirjina da biro, ita tana gyaɗa kai. In ya fita ta sunkuyo ta ce, "Mama, aiki za a yi." Shi ke nan. Ni da na yi shekaru ina buga shari'ar mutane kalma-kalma, ana yanke tawa a kaina ban ji ko ɗaya ba.

Wuƙa ba ta ba ni tsoro, mutuwa ma haka, na shirya. Abin da nake tsoro shi ne in tashi rabi. Ka ga yadda na yi jinyar mijina, kana gidan. Ka ga yadda nake juya shi, nake wanke shi, har bayana ya lalace. Ba na son Yayarka ta bar aikinta ta zama haka a kaina. In aikin zai bar ni a kwance, gara a bar ni in ƙarasa a tsaye. Ban gaya mata ba, don za ta ce ba komai, kuma da gaske take, shi ne abin tsoron.

Da na rubuta maka wannan sai na ga ai tambayoyi ne. Na yage shafi na jera su. Da safe da ya shigo na riƙe hannun rigarsa na miƙa masa. Ya karanta, ya dube ni, kunya ta kama shi. Yaro ne ashe, da ya sauke ƙyallen. Ya ce zai dawo in ya gama zagaye, ya zauna ya rubuta mini amsa.

In sun tambaye ka dalilin janyewa, ka ce tsoro ka ji. Kada ka ƙirƙiro wani abu.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ya jiki? Yaya ta ce kin ci abinci jiya, har kin yi wa nas gyaran rubutu. Na ji daɗi.

An yi, kuma amsa ta zo. Ba su ɗauke ni ba. Na fara da wannan don kada ki yi ta karatu da fata.

Ɗakin a hawa na sama yake, gilashi ta ko'ina, sanyi kamar cikin firji. Mutum uku: matar da na yi waya da ita, wani matashi shugaban sashen kwamfuta, da wata babbar mace mai kula da rarraba kaya. Na gaishe su na ce ina da in'ina, in na tsaya su ba ni lokaci, kada su ƙarasa mini. Babbar ta ce to. Ta tambayi dalilin janyewata, na ce tsoro. Ta rubuta wani abu, ban san me ba.

Sai ta ce mu yi kamar ita ce shugabar sito, ranta a ɓace. Ta haɗe rai ta ce, "Ni sabuwar manhaja nake so, yanzu." Na ce wace matsala take so manhajar ta kawar. Ta ce makara. Na ce a wane lokaci oda take isowa teburinta, kuma wa yake kawowa. Muka yi ta haka. Na yi tuntuɓe a kalmomi, amma tambaya gajera ce, tana fita. Har ta manta da fushin, ta jingina tana ba ni amsa da gaske. A nan na ji kamar zan iya.

Bayanin tsaye ne ya kayar da ni. Na tashi, hotunan zanena suna kan bango, na fara lafiya. A tsakiya na maƙale, maƙalewar da na daɗe ban yi irinta ba. Ina ganin kalmar, ina jin ta a maƙogwaro, ta ƙi. Matashin ya duba wayarsa, ya ƙarasa mini, kuma ba ita nake nufi ba. Na ce a'a, na sake ɗaukowa daga farko. Kafin in kai ga mafitar da na kwana biyu ina gyarawa, lokaci ya cika. Na ce tana cikin takardar da ke gabansu. Suka yi godiya.

Jiya matar ta kira. Ta ce sun ɗauki wanda ya taɓa riƙe irin kujerar. Ta ce babbar ta nemi a ajiye takarduna. Ban sani ba ko haka suke gaya wa kowa. Ban tambaye ta ko bakina ne ba, don na san ba za ta faɗa ba, kuma zan so in sani har in mutu.

Na miƙa makullin ofis ranar Juma'a. Ban kai takarduna bayan kasuwa ba. Na ga wasu wurare biyu suna neman mai nazari, na aika. Surukarki ta ce in jira in huce, na ce in na huce ba zan aika ba. Gaskiya ina jin tsoro, Gwaggo, yanzu ba na kwamiti ba, na zaman gida.

Me likitan ya rubuta miki?

Ɗanki

*

Ɗan Gwaggo,

Lafiya lau, sai yunwa, sun hana ni ci tun jiya.

Na ji. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wannan mai wayar, Allah ya haɗa shi da mai ƙarasa masa magana a gaban surukansa. Ba zan ce maka haka ya fi alheri ba, ban sani ba. Na dai san ka shiga ka fito da ƙafarka.

Likita ya cika shafi biyu. Bai yi mini alkawari ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya ce yawancin masu shekaruna suna tashi su taka, wasu kaɗan ba sa tashi, wasu kaɗan suna tashi yadda nake tsoro. In ba a yi ba kuma, kwanciyar da nake gudu ita za ta same ni a hankali. Na sa Yayarka ta karanta, na gaya mata abin da na gaya maka. Mun yi kukanmu. Na sa ta yi mini alkawarin ba za ta bar aikinta ba ko me ya faru.

Na sa hannu da kaina. Yau da hantsi za su shiga da ni. Ga su nan ma sun turo gadon, nas tana nuna mini in cire 'yan kunne.

Ka kula da 'yata. Ka yi mini addu'a.

Gwaggonka

*

Ƙanena,

An fito da ita. Likita ya ce aikin ya tafi yadda suke so, amma kwanakin farko sai an sa ido, bai ce mu saki jiki ba. Tana ɗakin da ba a barin mutum ya daɗe, wayoyi ta ko'ina a jikinta. Ta yi ƙanƙanta a gadon, ban san haka ta rame ba.

Dole in koma ofis ranar Litinin, ka san alkawarin da ta ɗaure ni da shi. Kai za ka zauna da ita da rana. Na yi magana da matarka, ta ce ta riga ta haɗa maka jaka. Ka taho da kwamfutarka, akwai soket a bayan kujerar masu jinya, ka ci gaba da nemanka daga nan.

Ɗazu ta buɗe ido na ɗan lokaci. Ta dube ni, na riƙe hannunta, sai ta ɗaga ido ta dubi bayana, wajen ƙofa, ta daɗe tana kallo kafin ta sake rufewa.

Ka hau motar safe.

Yayarka